"Haka Na Sayo": Tunani Kan Ribar Ɗan Kwangila Da Tambayar Mai Gida



Ana gab da faɗuwar damina a shekarar 2024, wani magini daga cikin masu bi ya same mu bayan Misar Lahadi, ransa a ɓace. Ba a wurin ikirari ya yi mana maganar ba, a gindin darbejiya ne cikin harabar coci, kuma ya yarje mana mu ba da labarin muddin ba mu ambaci suna ba. Ya karɓi aikin gina ɗakuna biyu a wani ƙauye na ƙasar Batsari. Mai aikin wani dattijo ne da ya shekara uku yana gudun hijira a birnin Katsina, sa'an nan ya ƙudura niyyar komawa ya tayar da kangon gidansa. Dattijon ya ƙirga kuɗi ya ba maginin domin ya je Katsina ya sayo siminti buhu 40. Ya sayo kowane buhu a kan naira 9,500, amma a takarda ya rubuta 11,000. Ɗan dattijon ya buga wa wani abokinsa waya a kasuwa, ya ji ainihin farashin. Da aka tambayi maginin sai ya ce, "Haka na sayo." Da aka matsa masa sai ya rantse. Da aka sake matsawa, ya tattara cokalinsa da igiyarsa ya ce su nemi wani. Gini ya tsaya a linta, ga shi kuwa hadari ya fara haɗuwa a gabas.

Tambayar da ya kawo mana gajeriya ce: "Fada, ni ɓarawo ne?"

Kafin mu amsa, muka ce ya zauna mu yi lissafi tare. Rarar da ya ɗora ta kama naira 60,000. Mai mota ya karɓi 28,000, gama direbobi ba sa bin wannan hanya sai an ƙara musu. 'Yan dako na lodi da saukewa sun ci 8,000. Kuɗin motarsa da abincinsa na kwana biyu 6,000. Buhu ɗaya ya fashe a hanya, ya biya 9,500 ya maye gurbinsa. Abin da ya rage a aljihunsa naira 8,500 ne, ladan kwana biyu na zirga-zirga a kan hanyar da kowa ke bi da addu'a a bakinsa. Sai muka ga abin mamaki: kuɗin da ya riƙe bai wuce haƙƙinsa ba, mai yiwuwa ma bai kai ba, amma duk da haka lamirinsa ya hana shi barci, dattijon kuma yana da dalilin jin an cuce shi. Ina laifin yake ke nan? Wannan ita ce tambayar da muke so mu yi tunani a kanta tare da ku, domin a cikinmu akwai magina da kafintoci da masu walda da 'yan kwangila, kuma babu wanda ba zai taɓa zama mai ba da aiki ba.

Halin da ake ciki

Ya kamata mu fara da sanin ƙasar da muke magana a kanta. Batsari da Safana suna bakin Dajin Rugu, kuma shekaru da dama mutanensu sun sha azaba a hannun 'yan bindiga. A watan Fabrairu na 2020 an kai hari ƙauyukan Tsauwa da Dankar na ƙasar Batsari, aka kashe mutum 30, aka ƙone gidaje. A watan Afrilu na wannan shekara aka kashe mutum 47 a ƙauyukan Safana da Dutsin-Ma da Ɗanmusa. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da waɗannan biyun, aka kuma rufe kasuwannin dabbobi na wani lokaci. Duk wanda ya koma Ruma ko Wagini ko Runka domin ya sake kafa gida, da ragowar abin da ya tsira da shi yake gini.

A kan wannan kuma tsada ta zo ta hau. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, a watan Yuni aka saki naira ta nema wa kanta daraja, kuɗin mota ya ninka. A watan Fabrairu na 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama, har Gwamnatin Tarayya ta zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge aka ce a sayar tsakanin 7,000 da 8,000, amma mai saye a ƙauye bai cika ganin wannan farashi ba. A irin wannan yanayi ɗan kwangila yakan yi kiyasi ranar Litinin, kafin Alhamis kiyasin ya zama tsohon labari. Shi yana tsoron faɗuwa, mai gida yana tsoron cuta, kowa yana kallon ɗan'uwansa da gefen ido.

Riba ba zunubi ba ce

Ikilisiya ba ta taɓa koyar da cewa riba haramun ce ba. Waliyyi Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya yi dogon nazari kan saye da sayarwa, ya nuna cewa farashin adalci ba ɗigo ɗaya ba ne da za a ce nan ne kaɗai. Kimantawa ce, kuma ɗan ƙari ko ɗan ragi ba ya rushe adalci. Ya ce halal ne mutum ya sayar da abu fiye da yadda ya saya idan ya gyara shi, ko farashi ya sauya saboda wuri ko lokaci, ko kuwa saboda hatsarin da ya shiga wajen ɗauko kayan daga wani wuri zuwa wani. Ya kuma yarda mutum ya nemi matsakaiciyar riba domin ciyar da iyalinsa, a matsayin ladan wahalarsa. Kai ka ce malamin nan ya taɓa bin motar siminti daga Katsina zuwa Batsari.

Saboda haka wanda ya san inda ake samun rodi mai kyau, ya san yashin da ba shi da laka, ya iya bambanta kwano mai kauri da mai shara-shara, ya bar gonarsa ya kwana a tasha, ya ɗauki asarar abin da ya fashe, yana da haƙƙi a kan duk wannan. Sanin sana'a dukiya ce da aka tara cikin shekaru, kuma banza ba ta kai zomo kasuwa. Mai gidan da yake so a kawo masa siminti har ƙofar gida a kan farashin shago, yana neman a yi masa bauta ne kyauta.

Amma Akwinas ya kafa wata iyaka da ya kamata mu riƙe da kyau. Mai sayarwa yana iya lissafa asararsa da wahalarsa, ba ya da ikon lissafa matsuwar mai saye, gama matsuwar ba tasa ba ce balle ya sayar da ita. Idan ka ƙara wa mutum kuɗi domin hanya ta yi tsada, ka sayar da abin da yake naka. Idan ka ƙara masa domin ka ga damina ta matso kuma ba shi da wani magini, ko domin ka san bai iya karatu ba, to ka ci kuɗin hawayensa. Katikizim na Ikilisiyar Katolika, wanda aka fitar a 1992, a sakin layi na 2409, ya lissafa irin wannan cikin abubuwan da Doka ta Bakwai ta hana: ɗaga farashi ta hanyar cin gajiyar jahilci ko ƙuncin wani, zamba cikin ciniki, da aikin da aka yi shi sakaka.

Ɗan aike da ɗan kasuwa

Yanzu mu koma kan maginin namu. Inda ya yi tuntuɓe shi ne ya sa hula biyu a kai ɗaya. Akwai hular ɗan kasuwa, akwai hular ɗan aike, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Ɗan kasuwa da kuɗinsa yake sari. In kaya sun yi kwantai nasa ne, in sun yi daraja nasa ne. Ba dole ba ne ya gaya wa kowa uwar kuɗinsa. Yakan sa suna, a taya, ya ce albarka, har ciniki ya faɗa. Haka nan ɗan kwangilar da ya karɓi aiki jinga, wato ya ce zai gina ɗakuna biyu da kayansa a kan kuɗi kaza: in siminti ya tashi shi zai ji a jikinsa, in ya sauka shi zai ci moriya. Abin da ake binsa shi ne ya cika abin da ya yi alkawari, da irin kayan da aka ambata, ba tare da algus ba.

Ɗan aike kuwa kuɗin wani ke hannunsa. Ƙafarsa da idonsa aka ara. Duk abin da ya sayo na mai kuɗin ne tun daga bakin shago, canjin da ya rage na mai kuɗin ne, rangwamen da mai shago ya yi na mai kuɗin ne, sai fa in an yi da shi cewa nasa ne. Haƙƙin ɗan aike shi ne ladan aikensa da kuɗin da ya kashe a hanya, kuma waɗannan a fili ake faɗinsu. Dillalai a kasuwannin dabbobi sun daɗe da sanin wannan: la'ada sananniya ce, ba wanda yake jin kunyar karɓarta, gama kowa ya san da ita.

Maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda su ne mafi yawan masu ba da aiki a Batsari da Safana, suna da wannan bambanci a cikin fiƙihunsu. Akwai cinikin da ake yi ta hanyar tayi, ba a ambaci uwar kuɗi ba. Akwai kuma wanda ake kira murabaha, inda mai sayarwa yake faɗin abin da ya sayo da ribar da ya ɗora, kuma malamai suna lissafa shi cikin cinikin amana, domin da zarar mutum ya ambaci uwar kuɗi, wajibi ne ya faɗi gaskiya. Ashe dattijon nan da maginin nan, ko da yake addininsu ya bambanta, ma'auni ɗaya ke cikin zukatansu.

Maginin ya karɓi kuɗi a matsayin ɗan aike, ya lissafa wa kansa riba a matsayin ɗan kasuwa, sa'an nan ya rufe tsakani da kalmomi uku: haka na sayo. Da ya ce, "Baba, siminti 9,500 ne, mota kaza, dako kaza, ladana kaza," da kuɗin da zai karɓa ɗaya ne, kuma da babu zunubi ko kaɗan. Ga amsar da muka ba shi ke nan: a kan Doka ta Bakwai da kyar a kama ka, amma Doka ta Takwas ka karya ta, rantsuwar da ka ɗora a kai kuma ta taɓa Doka ta Biyu. Ka sayar da gaskiyarka a kan naira 8,500 da tun farko taka ce.

Wani zai ce, in dai kuɗin daidai ne, me ƙaryar ta rage wa dattijon? Ta rage masa abu babba. Ta hana shi ikon yanke shawara a kan dukiyarsa, domin da ya san kuɗin mota 28,000 ne, wataƙila da ya haɗa lodi da maƙwabcinsa su raba. Bugu da ƙari ta sa masa shakka a kan komai. Wanda ya kama ka da ƙarya a kan siminti, wanda ake iya tambayar farashinsa ta waya, yaya zai yarda da kai a kan abin da ke cikin tushen gini, inda ido ba ya kaiwa? Shin rodi mai milimita 12 aka sa ko mai 10? Shin buhu ɗaya bulo nawa aka buga da shi? Sana'ar gini gaba ɗayanta amana ce, gama rabin aikin binne shi ake yi, sauran kuma a shafe shi da filasta. Ƙarya ƙarama a takarda takan girma ta zama bangon da ke faɗa wa yara cikin dare a watan Agusta.

Laifin masu ba da aiki

Ba za mu yi adalci ba in muka tsaya a nan. Mun tambayi maginin dalilin da ya hana shi faɗin ladansa a fili. Ya yi dariyar takaici ya ce, "Fada, wa zai biya?" Ya ce in ka rubuta kuɗin hannu sai a yanke shi biyu, in ka rubuta kuɗin zirga-zirga sai a ce ai hanyarka ce, amma in ka ce siminti ya tashi ba mai musu. Wannan magana ta dame mu, domin gaskiya ce. Mun saba girmama kaya mu rena hannun da ya sarrafa su. Muna biyan mai shago ba tare da ƙorafi ba, mu zo mu tsuke wa lebura. Sa'ad da aka hana lada ƙofar shiga, sai ta haura ta katanga ta ɓuya cikin kuɗin kaya. Ta haka mai gida yake koya wa magini ƙarya, sa'an nan ya juyo ya kira shi ɓarawo.

Paparoma Liyo na 13, cikin wasiƙarsa ta 1891 kan halin ma'aikata, ya koyar da cewa amincewar ma'aikaci kaɗai ba ta mayar da lada ta zama ta adalci. In yunwa ko tsoro ne suka sa ya karɓi abin da bai isa ba, an yi masa ƙarfa-ƙarfa ne. Littafin Firistoci sura 19 ya hana a kwana da ladan ɗan ƙodago, kuma a cikin wannan sura ɗin aka umarta a riƙe mudu da ma'auni na gaskiya. Dokokin biyu tare suka zo, domin tare suke tafiya. Araha ba ta ado, kuma wanda ya matse magini har ya rasa abin kai wa gida, kada ya yi mamaki in siminti ya yi ƙaranci a cikin kwaɓi.

Mu ma da muke riƙe da al'amuran Ikilisiya ba mu kuɓuta ba. Sau nawa kwamitin gini yake ce wa kafinta aikin Allah ne, a biya shi da godiya? Sau nawa ake jan kuɗin mai aiki wata da watanni, alhali farashi yana gudu? Dayosis ɗinmu na Katsina sabo ne, a watan Oktoba na 2023 Paparoma Faransis ya kafa shi daga Dayosis na Sakkwato, kuma gine-gine da yawa suna gabanmu. Yadda za mu bi da masu yi mana aiki wa'azi ne da za a ji fiye da wanda muke yi a kan bagade.

A cikin Littafin Sarakuna na Biyu, sura 12, akwai labarin da ya dace mu riƙa tunawa. Sarki Yowash ya ba firistoci aikin gyaran Haikali, aka kai shekara ta 23 ta sarautarsa ba su gyara ba. Sai aka huda murfin akwati aka ajiye, in kuɗi sun taru magatakardan sarki da babban firist su ƙirga tare, a miƙa wa masu lura da aiki, su kuma su biya kafintoci da magina, su sayi katako da sassaƙaƙƙen dutse. Littafin ya ce ba a nemi lissafi daga waɗannan mutane ba, saboda amincinsu. A lura da tsarin: firistoci ne suka gaza, ƙirga kuɗi a gaban shaidu ne ya gyara lamarin, masu sana'a kuma suka kai matsayin da ba a tambayarsu. Irin wannan yarda ba a neman ta da fushi ko rantsuwa. Shekaru na lissafi mai tsabta ne suke haifar da ita.

In an tambaye ka

To, yaya ya kamata ɗan kwangila Kirista ya yi sa'ad da mai gida ya ce, me ya sa kuɗin nan ya kai haka? Da farko ya sani tambayar ba zagi ba ce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mutumin da ya sayar da akuyarsa ta ƙarshe yana da ikon sanin inda kuɗinta ya shiga. Fushi a irin wannan wuri sau da yawa mayafi ne. Barazanar barin aiki a tsakiya, sa'ad da ka san mutum ba shi da mafita, ita ce cin gajiyar ƙunci da muka ambata.

Hanyoyi biyu ne masu tsabta. In jinga ka karɓa, kana iya cewa, "Alhaji, a kan kuɗi kaza muka yi, ribata tana ciki, ga irin kayan da na yi alkawari, zo ka duba." Ba ka faɗi uwar kuɗinka ba, ba ka kuma yi ƙarya ba. In aike aka yi maka, sai ka baje rasit, ka nuna kuɗin mota da na dako, ka faɗi ladanka da bakinka ba tare da jin kunya ba. Hanya ta uku, wato a sa mai shago ya rubuta rasit na bogi, ko a ce haka na sayo alhali ba haka ba ne, a rufe take ga mai bin Almasihu, kome ƙanƙantar abin da ke ciki.

Abin da ya fi duka shi ne a yi maganar tun kafin a haƙa tushe. Ubangijinmu, wanda ya tashi a gidan Waliyyi Yusufu masassaƙi, ya yi misali a cikin Bishara ta Luka sura 14 da mai son gina hasumiya, wanda ya kamata ya fara zama ya yi lissafi kada ya kafa tushe ya kasa gamawa. A zauna a gaban shaidu biyu a rubuta: jinga ce ko aike? Wa zai ɗauki ƙarin farashi in kaya sun tashi, kuma kiyasin na kwana nawa ne? Rarar kaya da rangwamen shago na wane ne? Kuɗin hannu nawa, yaushe za a biya? Takarda guda ta isa, kuma wanda bai iya karatu ba a karanta masa a gaban nasa. Mai gida kuma, in an buɗe masa lissafi, to ya biya ladan da ya gani da idonsa ba tare da ƙwauro ba, domin in ya hukunta mai gaskiya a kan gaskiyarsa, gobe ba zai sake jin ta ba.

Maginin namu ya koma ƙauyen a cikin makon nan. Ya durƙusa ya gai da dattijon, ya ce, "Baba, na yi maka ƙarya, ga yadda abin yake," ya baje lissafin a kan tabarma. Dattijon ya daɗe bai ce kome ba. Daga baya ya ce da ya faɗi haka tun farko da bai hana shi ko kwabo ba. Ya bar shi ya ƙarasa ginin, an kuma rufa kwano kafin ruwa ya zauna. Amma da aka zo sayen kwanon da katako, ɗansa ya haɗa shi da shi suka tafi Katsina tare. Maginin ya gaya mana wannan ya yi masa ciwo, muka ce masa ya haƙura, gama amana kamar bango take, rana ɗaya ake rushe ta, jeri-jeri ake mayar da ita.

Allah ya ba masu sana'a a cikinmu ƙarfin halin faɗin ladansu a fili, ya ba masu ba da aiki zuciyar biyan sa, ya kuma mai da kowane ɗan gudun hijira na Batsari da Safana gidansa lafiya. Waliyyi Yusufu ma'aikaci, ka yi addu'a dominmu. Amin.